Fom mai shafi biyu a kan kalma ɗaya

Ina zaune a falo ina ninke wanki, 'yata tana kwance rub da ciki a kan kafet tana karatu, sai ta ɗago kai ta ce, "Umma, mene ne ma'anar…", ta faɗi kalmar. Ta faɗe ta ɓaro-ɓaro, ba inda-inda. Kalmar nan ce da ake zagin baƙar fata da ita a Amurka, wadda ko masu karanta labarai a talabijin ba sa furta ta, sai dai su ce kalmar da ta fara da harafin N. Ni ma ba zan rubuta ta a nan ba. Shekara goma sha ɗaya muna zaune a ƙasar nan, sau biyu aka taɓa jifana da ita, kuma har gobe ina iya faɗa muku launin motocin da aka leƙo daga cikinsu aka faɗa. Ban taɓa kawowa a raina cewa zan ji ta a falona ba, daga bakin yarinya 'yar shekara tara da na haifa da cikina.

Na fizge littafin kamar mai ƙwace reza a hannun jariri. A bangonsa na baya akwai hatimin laburaren makarantarsu, makarantar gwamnati ce ta firamare, tana aji huɗu. Na buɗe inda yatsanta yake. Wani Bature ne tsaye a ƙofar makaranta yana faɗa wa wata ƙaramar yarinya baƙa wannan kalma. Layi uku na karanta na rufe. Na ce mata, "Mummunar kalma ce. Kada in ƙara jin ta a bakinki." Ta ce to. Ta ɗan tsaya tana kallona kamar mai sauran magana, ni kuwa na riga na wuce ɗaki da littafin a hammata.

Abbansu ya ce in bari gari ya waye, zuciya ta kwanta. Ban bari ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na aika wa malamar laburaren imel, na saka shugabar makarantar a ciki don ta gani. Na ce ina so a cire littafin nan gobe-gobe. Na ce ban tura 'yata makaranta don ta koyo zagin kanta ba. Wannan jimlar har yanzu ina jin daɗinta, ko da yake da yawa daga sauran abin da na rubuta a daren na so a ce ban rubuta ba.

Washegari da rana amsa ta zo, gajeriya, tana gayyata ta in zo mu zauna. Na je ranar Alhamis bayan an tashi. Duk wanda ya tsara laburaren yara bai yi tunanin iyaye masu fushi ba: kantocin littattafan iya ƙuguna suke, kujerun kuma na 'yan shekara shida ne. Na zauna gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, jakata a cinya, ina ƙoƙarin riƙe fuska. Malamar dattijuwa ce fara, mai magana a hankali. Ba ta musa mini ba, ba ta kuma ce na fiya saurin fushi ba, wanda shi ne abin da na shirya wa amsa tun daga gida. Ta ce ta san littafin, ta san shafin, ta kuma san sauran wuraren da kalmar ta fito. Sauran wuraren? Ashe ba sau ɗaya ba ne.

Sai ta shimfiɗa mini hanya biyu. Ta farko, a take za ta iya sa alama a sunan 'yata a kwamfuta, ta yadda ba za a ƙara ba ta wannan littafi ba, ko ma duk wani da na lissafa, sai da izinina. Wannan minti ɗaya ne, ba fom, ba kwamiti. Ta biyu, idan abin da nake so shi ne littafin ya bar kantar laburaren gaba ɗaya, to sai na shigar da koke a rubuce. Na ce ni ba don 'yata kaɗai na zo ba, akwai sauran yara baƙaƙe a makarantar. Ta ce, "Na gane. Amma abin da 'yarki za ta karanta, ke ce mai iko a kai. Abin da 'ya'yan mutane fiye da ɗari huɗu za su karanta kuwa, ni kaina ba ni da ikon yanke shi ni kaɗai, shugabar makaranta ma haka." Ta jawo aljihun tebur ta miƙo mini fom mai shafi biyu, da wasu takardu da aka haɗa da ƙarfe, ƙa'idojin gunduma kan sake duba littafi.

A mota na fara karanta fom ɗin, ban ko tada injin ba. Suna, adireshi, ko a madadin kaina nake magana ko a madadin wata ƙungiya. Sunan littafi da marubuci. Me ya jawo hankalinki gare shi. Waɗanne shafuka ne kike ƙorafi a kansu, a rubuta lambobinsu. Me kike ganin zai sami yaron da ya karanta. Yara masu shekara nawa kike ganin ya dace da su. Akwai wani abu mai amfani a cikinsa. Wane littafi za ki ba da shawara a sa a madadinsa da zai koyar da abin da wannan yake koyarwa. Me kike so makaranta ta yi.

Akwai kuma tambaya ta huɗu, mai akwati biyu, e ko a'a: kin karanta littafin gaba ɗayansa?

Biro na ya daɗe a saman akwatin "e". Wa zai sani? Amma ƙasan tambayar an rubuta da ƙananan haruffa cewa kwamiti ba zai saurari koken wanda bai karanta littafin duka ba, kuma na tuna yadda matar nan ta ce "sauran wuraren" ba tare da ta duba takarda ba. Idan na yi ƙarya, tambaya ɗaya za ta yi mini a gaban mutane ta tsinka ni. A lokacin na ɗauki tambayar a matsayin tarko da aka ɗana don a gajiyar da iyaye. Har yanzu ina ganin akwai ƙamshin haka a cikinta, domin uwar da take aiki biyu, ko wadda Turancinta bai kai ta karanta shafi ɗari da tamanin ba, an rufe mata ƙofa ke nan tun kafin ta ƙwanƙwasa. Amma ni ba ni da wannan uzurin.

Dare uku na yi ina karantawa bayan yara sun kwanta, da fensir a hannu kamar mai maki. Labari ne ƙirƙirarre na wata yarinya a kudancin Amurka, a shekarun da aka fara tilasta wa makarantun Turawa su karɓi 'ya'yan baƙaƙe. Kalmar ta fito sau huɗu. Sau biyu daga bakin mutumin nan na bakin ƙofa. Sau ɗaya an rubuta ta da fenti a jikin gidansu, uban ya fito da asuba da bokiti yana gogewa kafin 'yarsa ta farka, ita kuwa tana kallonsa ta taga ta yi kamar tana barci. Ta huɗu ita ce ta fi tsaya mini a maƙogwaro: wata ƙawarta Baturiya ce, wadda suke wasa tare tun suna rarrafe, ta faɗa mata a gaban sauran yara don kada a ce tana tare da ita. Babu inda littafin ya sa kalmar a bakin mutumin kirki, babu inda aka faɗe ta don dariya. A wurin bokitin nan sai da na ajiye littafin na je na wanke fuska.

Wani zai yi zaton daga nan na yaga fom ɗin. Ban yaga ba. Littafi mai kyau ne, na yarda, na ma rubuta haka a inda aka tambayi amfaninsa. Amma kyan littafi daban, yarinya 'yar shekara tara ta ci karo da wannan kalma ita kaɗai, ba babba a kusa, ba wanda ya gargaɗi iyayenta, wannan kuma daban. Don haka na sassauta buƙatata. Maimakon a cire shi kwata-kwata, na nemi ɗaya cikin biyu: ko a shafe kalmar da baƙar maka, wato biro mai kaurin baki, a wurare huɗun nan, labarin ya tsaya yadda yake, ko a mayar da littafin laburaren ƙaramar sakandare inda yaran suka ɗan tasa. Tambayar wane littafi zan sa a madadinsa kuwa, na bar ta fayau. Ban san ko ɗaya ba, kuma ban ji daɗin ganin wannan farin wuri a takardar ba.

Na kai fom ɗin ofis aka buga masa kwanan wata. Abin da ya fara tunzura ni shi ne, littafin ya koma kanta a ranar da na mayar da shi. Ƙa'idar ta ce littafi yana nan ana ara har sai kwamiti ya yanke hukunci. Na yi waya na ce wannan wane irin abu ne, ana shari'ar abu kuma yana yawo? Sakatariyar ta ce haka tsarin yake. Daga baya na fahimci dalilin da kaina: da a ce shigar da koke kaɗai yana sauke littafi daga kanta, mutum ɗaya mai lokaci da firinta zai iya kwashe rabin laburare a mako guda. A ranar dai ban ga haka ba, na ajiye waya ina huci.

An ce kwamiti zai zauna cikin kwana talatin na makaranta. Wato kusan wata ɗaya da rabi, saboda kowane ɗan kwamiti sai an samo masa kofi ya karanta. A wannan zaman jira ne na koma kan takardun ƙa'idar, inda na ga ana ta ambaton wata shari'a mai suna Pico, na shiga neman labarinta. A 1976 hukumar makarantun Island Trees da ke jihar New York ta kwashe wasu littattafai daga laburarorin makarantunta, ta ce sun saɓa wa Amurka, sun saɓa wa Kiristanci, suna ƙin Yahudawa, kuma ƙazanta ce zalla. Wani ɗalibi, Steven Pico, da wasu 'yan uwansa ɗalibai suka kai ƙara. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1982 alƙalai biyar cikin tara suka ƙi ba hukumar nasara. Mai shari'a William Brennan ya rubuta cewa hukumar makaranta ba ta da ikon cire littafi don kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki, amma tana iya cirewa idan batsa ta yi masa katutu ko kuma bai dace da karatun yaran ba. Alƙalan biyar ɗin ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba, shi ya sa har yau lauyoyi suke jayayya kan ƙarfin hukuncin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina wani ƙaramin abu ne: ita ma hukumar Island Trees ta kafa kwamitin iyaye da malamai, kwamitin ya ba da shawarar a mayar da wasu littattafan, hukumar ta yi watsi da shawarar. Na gane ke nan kwamitin da nake jira shawara kawai yake bayarwa, wuƙa da nama suna sama.

Na kuma tafi neman makami, na samu. A 2011 wani kamfanin ɗab'i a jihar Alabama ya fitar da sabon bugu na Huckleberry Finn, littafin Mark Twain, inda wani farfesa mai suna Alan Gribben ya cire wannan kalma a wurare 219 ya sa kalmar "bawa" a madadinta, don malamai su iya koyar da littafin ba tare da fargaba ba. Na ce yauwa, ashe ba ni na fara ba, har farfesa ya riga ni. Na buga shafin na sa a jaka. Sai dai garin karanta tarihin littafin na ci karo da wani abin da ban nema ba. A 1885, shekarar da ya fito a Amurka, laburaren garin Concord a jihar Massachusetts ya hana shi shiga kanta. Ba wannan kalmar ce ta dame su ba. Abin da ya dame su shi ne yaron labarin ba shi da tarbiyya kuma Turancinsa na 'yan tasha ne. Kalmar da ta hana ni barci, su ta wuce ta gabansu fiye da sau ɗari biyu ba su ko ɗaga gira ba. Wannan shafin ban buga shi ba.

Saura mako ɗaya a zauna sai ga saƙo a Facebook daga wani uba da ban sani ba. Ban san yadda ya ji labari ba, amma makaranta ba ta da sirri. Ya ce ya yaba da jarumtata, ya ce su ma sun daɗe suna neman a cire littafin nan da wasu irinsa guda goma sha biyu, zai turo mini jerin. Na ji daɗi, na ce ga abokin tafiya. Da jerin ya zo na duba, sai na ga kusan duka labaran baƙar fata ne: na bauta, na wariya, na masu fafutukar 'yanci. Wasu ma babu zagi ko ɗaya a cikinsu. Na tambaye shi me ya haɗa su. Ya ce littattafai ne da ke sa 'ya'yan Turawa jin kunyar kansu a kan abin da ba su suka yi ba, kuma lokaci ya yi da za a daina tono abin da aka binne. Na daɗe ina kallon wayar. Ni ina so a rufe kalmar don kada ta ji wa 'yata ciwo. Shi yana so a rufe littafin don kada ɗansa ya san an taɓa faɗa. Fom ɗinmu kuwa iri ɗaya ne, kuma idan aka sauke littafin, kantar ba za ta nuna wanne daga cikinmu ya ci nasara ba. Ban ba shi amsa ba.

Ranar zama, ƙarfe huɗu na yamma, a wani ɗakin taro mai doguwar tebur. Wannan karon kujerun na manya ne. Mutum bakwai: mataimakiyar shugabar makaranta, malamar laburaren, malamai biyu, iyaye biyu, da wata jami'a daga ofishin gunduma mai kula da manhaja. Kowa da kofinsa a gaba, wasu sun lilliƙa ƙananan takardu masu launi a gefen shafuka. Aka ce ina da minti biyar, sannan tambayoyi, sannan in fita su tattauna. Ba ni da ƙuri'a.

Na rubuta jawabina amma ban bi shi ba. Na ba su labarin wankin da nake ninkewa. Na ce ban zo in ce littafin ƙarya ne ba. Na ce abu huɗu kawai nake roƙo, layi huɗu na baƙar maka, na zaro takardar farfesan nan na ajiye a tebur.

Malamar laburaren ce ta fara amsawa. Ta ce Ƙungiyar Laburarori ta Amurka, wadda gundumar take bin ƙa'idojinta, tana ɗaukar shafe kalma ko yage shafi daidai da tace littafi, domin an canza abin da marubuci ya rubuta ba da yardarsa ba, kuma mai karatu bai san me aka ɓoye masa ba. Sannan ta bar maganar ƙa'ida ta yi ta aiki. Ta ce shekara ashirin da wani abu tana wannan sana'a, ta ga littattafan da wasu suka shafe a ɓoye. Ta ce ba abin da yara suke rububi kamar littafin da aka shafa wa baƙi. Suna ɗaga shafin su haska shi da fitila ta baya, su kira abokansu, kafin a tashi duk ajin ya san kalmar, ba wanda ya san labarin. Na so in musa, amma na san 'ya'yana.

Ɗaya daga cikin iyayen biyu ashe kaka ce, baƙar Ba'amurkiya, ita take riƙon jikokinta. Tun da na shigo ba ta ce uffan ba, hannayenta a kan littafin. Da aka zo kanta sai ta ce ita sa'ar Ruby Bridges ce, yarinyar da a ranar 14 ga Nuwamba 1960, tana shekara shida, jami'an tsaron gwamnatin tarayya suka raka ta makarantar firamare a New Orleans, mutane suna tsaye a titi suna zaginta, iyayen Turawa suka kwashe 'ya'yansu, ta yi shekarar tana karatu ita kaɗai a aji da malama ɗaya. Ta ce ita a wani gari ne daban, ba jami'i, ba 'yan jarida. Sannan ta dube ni ta ce, "'Yata, ina shekara shida aka fara kira na da sunan nan. Ba wanda ya jira in kai ƙaramar sakandare. Idan kika shafe shi, jikata za ta karanta ta ga wani mutum ya tsaya a ƙofa ya faɗi wani abu marar daɗi. Ba wani abu ya faɗa ba. Wannan ya faɗa." Ta buga yatsa a kan shafin. Game da takardar farfesan kuwa, ta tura ta gefe da bayan hannu, ta ce bawa aiki ne da aka tilasta wa kakanninta, ɗayar kuma suna ne da aka ci gaba da kiran su da shi bayan an 'yanta su, wanda ya ce ɗaya ne bai taɓa jin ko ɗaya a jikinsa ba.

Na ce, "Mama, ban musa miki ba. Amma ke da bakinki za ki zaunar da jikarki ki yi mata bayani. Tawa ita kaɗai ta ci karo da shi a kan kafet." Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara magana ba.

Wanda ya tsaya mini shi ne wanda ban zata ba, wani matashin malami baƙi mai koyar da 'yan aji biyar. Ya ce shi ba ya goyon bayan shafe kalmar, amma kada kwamiti ya yi kamar damuwata ba ta da tushe. Ya ce yana yaro, a ajin da baƙaƙe biyu ne kacal, malamarsu ta karanta irin wannan shafi da ƙarfi, duk ajin ya juyo yana kallonsa, kuma a filin wasa ranar wasu suka yi ta maimaita kalmar suna cewa ai daga littafi suka ɗauko. Ya ce littafin da manya suka karanta a tebur irin wannan daban ne da littafin da ke hannun yaro ɗan shekara takwas a bayan mota. Shi yana ganin mayar da littafin ƙaramar sakandare ba laifi ba ne. Jami'ar gunduma ta ce manhajar aji huɗu da biyar ta ƙunshi tarihin fafutukar 'yancin baƙar fata, kuma mawallafa da masu sharhin littattafan yara sun sa shi a rukunin 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu. Daga nan aka gode mini, na fito. Duka-duka minti ashirin da biyar.

Bayan kwana tara wasiƙa ta zo, sa hannun shugabar makaranta. Ƙuri'a biyar da biyu, littafin zai ci gaba da zama a laburare yadda yake, ba shafewa, ba ɗaukewa. Ba a faɗi waɗanda suka yi biyun ba. Ɗaya na san shi. Ɗayar har yau ina zargin kakar nan ce, ko da yake Abbansu ya ce son zuciyata ne kawai. Kwamitin ya ƙara shawara biyu: a riƙa tura wa iyaye bayani a farkon zango kan yadda za su iya duba abin da 'ya'yansu suka ara ta intanet da yadda za su sa iyaka, kuma kada malami ya karanta kalmar da ƙarfi a aji. A ƙasa aka ce ina da kwana goma in ɗaukaka ƙara zuwa shugaban makarantun gunduma, daga nan zuwa hukumar da jama'a suka zaɓa, inda ake zama a bainar jama'a, kowa ya zo ya yi magana. Aka kuma ce idan hukunci ya tabbata, ba za a sake sauraron koke kan wannan littafi ba sai bayan shekara uku.

Na ji zafin faɗuwa, ba zan ɓoye ba. Na buɗe kwamfuta na fara rubuta ɗaukaka ƙara, na yi sakin layi biyu. Sai na hango zauren hukumar, da makirufo, da mutumin nan na Facebook a layin gaba da jerinsa na littafi goma sha uku, yana nuna ni yana cewa ga shi har uwa baƙa ta yarda da mu. Na rufe kwamfutar ban adana ba.

Daren da wa'adin ya cika na kira 'yata ɗaki. Na ce mata na karanta littafin nan nata har ƙarshe, kuma ranar da ta tambaye ni ban ba ta amsa ba, tsawa na yi mata. Na yi mata bayanin kalmar gwargwadon iyawata, daga ina ta fito, su wa aka yi wa ita, me ya sa ko a baki ba ma ɗaukar ta. Tana ta wasa da bakin zanin gado. Da na gama ta ce, "Umma, ai na san ba ta da kyau." Na ce to me ya sa kika tambaye ni? Ta ce wani yaro ɗan aji biyar ne yake faɗa mata a bas ɗin makaranta, tun farkon zango, a hankali yadda direba ba zai ji ba. Ba ta san yadda ake rubuta ta ba sai da ta gan ta a littafin, ta ga kuma yarinyar ciki ta gaya wa babanta. Shi ne ita ma ta ce bari ta gwada.

Na lissafa a raina. Daga ranar wankin zuwa wannan dare mako tara ne. Mako tara tana hawa bas ɗin nan safe da yamma, ni ina can ina buga takardun Kotun Ƙoli.

Da safe ni na kai ta makaranta da kaina. Na wuce ofis na ce ina so in shigar da koke. Sakatariyar ta gane ni, ta ce, "Wani littafin ne kuma?" Na ce a'a, bas ne. Ta miƙo mini fom, shafi ɗaya, aka ce za a duba kyamarar motar kafin a tashi. Ina cikewa a tsaye malamar laburaren ta zo wucewa da kwali a hannu, ta tsaya muka gaisa, ta tambaye ni ko har yanzu ina so ta sa alamar nan a sunan yarinyar. Na ce ta bari tukuna, ba ta gama littafin ba, a shafi na 47 na ƙwace shi.